Gero Ne ko Maiwa? Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Koyon Rarrabe Abubuwa

A layin 'yan hatsi na kasuwar Muda Lawal da ke Bauchi, mai awo ba ya jiran a kwance masa buhu gaba ɗaya. Da ya zura hannu ya ɗebo 'yar kaɗan, ya baza a tafinsa, ya gama yanke hukunci: wannan gero ne, wancan maiwa, wannan dawar kaura ce, waccan farfara, wannan na bana ne, wancan ya kwana biyu a rumbu. Baƙon da ke tsaye kusa da shi ƙwaya kawai yake gani. In aka matsa wa mai awon ya faɗi yadda ya gane, zai ambaci girman ƙwayar da launinta, wataƙila da ƙanshi, daga nan sai ya ce ai da gani babu tambaya. Abin da bakinsa ya iya faɗa bai kai rabin abin da idonsa ya sani ba.

Dillalin dabbobi ma haka yake. Tun daga nesa ya raba bunaji da bokolo, ya raba balami da uda da 'yanƙasa, alhali mai sayen ragon layya "rago" kawai ya sani. Babu ƙwayar gero biyu da suka zo ɗaya sak, babu raguna biyu da suka yi kama ta kowace fuska, amma ƙwaƙwalwa tana tattara masu bambanci ta ba su suna guda, ta kuma raba masu kama ta ce wannan daban, wancan daban. Masana ilimin halayyar ɗan Adam sun shafe sama da shekara 100 suna bin diddigin yadda ake koyon wannan aiki, kuma wani yanki na binciken a ƙasar Hausa aka yi shi.

A 1920 wani Ba'amurke mai suna Clark Hull ya wallafa gwajin da ya yi wa ɗalibai a Jami'ar Wisconsin da haruffan rubutun Sinanci, waɗanda babu mai iya karanta su a cikin ɗaliban. Ya kasa haruffan gida-gida. 'Yan kowane gida suna da wani ɗan zane da suka yi tarayya a kai, ɓoye cikin sauran layuka, kuma ya laƙaba wa kowane gida sunan da ba shi da ma'ana. Bai faɗa wa kowa dokar ba. Nuna harafi kawai yake yi, ɗalibi ya canka, a gyara masa. Bayan an yi ta maimaitawa, sai ɗaliban suka fara kiran sunan haruffan da ba su taɓa gani ba daidai, kuma da yawansu sun kai wannan matsayi tun kafin su iya nuna zanen da ya haɗa gidan. Ganewa ta riga bayani zuwa.

Wanda ke shakkar cewa ana iya gina rukuni ba tare da kalma ko ɗaya ba, sai ya dubi tattabara, wadda yara ke kiwo a akurki a unguwanni irin su Jahun da Bakaro. A 1964 Richard Herrnstein da Donald Loveland suka sanya tattabaru a akwati suna haska musu hotuna sama da 1,000. Wasu hotunan da mutum a ciki, wasu babu. In tattabara ta yi tsattsaga a lokacin da hoto mai mutum ya fito, sai ta sami hatsi. In babu mutum, ba ta samun komai. Mutanen cikin hotunan ba iri ɗaya ba ne: manya da yara, farare da baƙaƙe, na tsaye da na zaune, wani a nesa, wani bishiya ta kare rabin jikinsa. Tsuntsayen suka koya, har suka riƙa gane mutum a sababbin hotuna. A 1995 Shigeru Watanabe da abokan aikinsa a Jami'ar Keio ta Japan suka koya wa tattabaru bambanta aikin masu zane biyu, Monet da Picasso.

Wanda ya fi ba da mamaki ya zo a 2015. Richard Levenson, likitan binciken ƙwayoyin jiki a Kalifoniya, da Edward Wasserman na Jami'ar Iowa, suka riƙa nuna wa tattabaru hotunan tsokar nono da aka ɗauka ta madubin likita, wasu masu cutar daji, wasu lafiyayyu. A ranar farko canka kawai suke yi, rabi daidai rabi kuskure. Cikin kimanin kwana 15 suka kai kusan kashi 85 cikin 100, kuma da aka haɗa zaɓin tsuntsaye 4 aka ɗauki na masu rinjaye, sai ya kai kashi 99. Kada dai a yi saurin sallamar likitoci. Da aka kawo wani nau'in hoton da ya fi wuya, tattabarun sun haddace waɗanda aka koya musu da su ne kawai, sababbi suka gagare su. Wannan gazawar tana da amfani, domin ta nuna wa masu bincike iyakar da ke tsakanin hadda da ganewa: ba a cewa an koyi rukuni sai an iya sanya baƙon abu a gidansa.

To me ƙwaƙwalwa ke ajiyewa har take gane baƙo? Tsohuwar amsa, wadda ta samo asali daga ilimin manɗiƙi na Girkawa, ita ce kowane rukuni yana da sharuɗɗa, abin da ya cika su ya shiga, wanda bai cika ba ya tsaya waje, kuma duk na ciki darajarsu ɗaya. Eleanor Rosch ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta girgiza wannan ra'ayi. A 1975 ta sa ɗalibai kusan 200 su ba abubuwa maki gwargwadon yadda suka dace da rukuninsu, sai ga shi sun yi ittifaƙi cewa wasu tsuntsayen sun fi wasu zama tsuntsu. Ƙananan masu tashi da kuka a bishiya suna tsakiya, jimina da kaza suna can gefe. An kuma auna an ga mutum ya fi saurin amsa "e" idan aka tambaye shi game da na tsakiya. Kowa na iya jarrabawa a gida: a ce wa yaro ya kawo sunan tsuntsu, da wuya agwagwa ta riga kurciya fitowa daga bakinsa. Daga baya Douglas Medin da Marguerite Schaffer, a 1978, suka kawo wata fassarar, cewa ba wani cikakken samfuri guda ake ajiyewa ba, misalan da aka taɓa gani ne ke taruwa, sabon abu kuma a gwada shi da su. Har yau ana muhawara tsakanin ɓangarorin biyu, amma dukansu sun yarda cewa yawan gani ne jarin.

Wannan bai kashe doka ba. Ɗalibin zaure a Bauchi da ke karatun littattafan farko na fiƙihun Malikiyya ana ba shi rabe-raben ruwa da sharuɗɗa ƙarara, ana duba launi da ɗanɗano da ƙanshi. Ruwan da najasa ta sauya ɗaya daga cikinsu bai halatta a ibada ko a girki ba. Wanda abu mai tsarki kamar nono ya sauya, a sha amma ba a alwala da shi. Wanda kuma mazauninsa ne ya sauya shi, kamar laka ko gansakuka, yana nan da tsarkinsa. Doka ce tsaf, kuma an ƙirƙire ta ne daidai saboda wuraren da ido zai yaudari mutum: ruwan rijiya da ya yi ja da damina ya fi ruwan sabulu muni a ido, amma shi ne mai tsarkakewa. Duk da haka malamin kirki ba ya tsayawa a karanta sharaɗi, sai ya bi ɗalibi da mas'aloli, randa kaza, kududdufi kaza, har dokar ta sami abin kamawa. Binciken zamani ma hanyoyi biyun ya gano, ta doka da ta sabo, kuma mutum yana aiki da duka biyun.

Shi sabo yana farawa tun a goye. Janet Werker da Richard Tees sun nuna a Kanada a 1984 cewa jariran da ake reno a gidajen masu Ingilishi, 'yan wata 6 zuwa 8, suna jin bambancin wasu baƙaƙe biyu na harshen Hindi da iyayensu ba sa ji. Zuwa wata 10 zuwa 12 yawancinsu sun daina ji. Kunnen bai lalace ba, ya dai koyi waɗanne bambance-bambance ne ke sauya ma'ana a gidansu, ya watsar da sauran. Bauchi, garin da Gerawa da Jarawa da Sayawa da Fulani da baƙi daga kudu ke haɗuwa a Hausa, wuri ne da ake jin sakamakon wannan kullum. Wanda ya koyi Hausa da girma yakan sha wuya kafin ya raba "kafa" da "ƙafa", ko "daki" da "ɗaki", domin kunnensa ya zuba su gida ɗaya tun yana jariri. Bahaushen da ke masa dariya shi ma yana da nasa: sautukan da Ingilishi ke rubutawa da p da f gida ɗaya suke a Hausa, shi ya sa malaman firamare ke fama da su shekara da shekaru. Babu wanda kunnensa ya fi na wani a nan.

Sai dai ba kullum masu bincike suka yi wannan adalcin ba, kuma a nan ne Zariya ta shigo labarin. A 1966 Rosslyn Suchman ta wallafa gwajin da ta yi wa yaran Hausawa 'yan makarantar allo a Zariya, daga 'yan shekara 3 zuwa 15. Gwajin mai sauƙi ne. A nuna wa yaro siffofi, misali jan da'ira, da koren da'ira, da jan murabba'i, a ce ya nuna waɗanda suka yi kama. Yana iya bin launi, yana iya bin siffa. A Amurka da Turai an saba ganin ƙananan yara suna bin launi, sannan su koma bin siffa tun kafin su yi nisa a firamare, har aka ɗauki wannan sauyi a matsayin alamar hankali ya fara nuna. Yaran Zariya kuwa launi suka ci gaba da bi, har manyansu.

Mai gaggawa zai ce an sami shaidar koma-baya. Amma a tuna su waye waɗannan yara. Almajirin da ya wuce babbaƙu ya shiga farfaru yana raba haruffan da ɗigo ɗaya ne tsakaninsu, yana gane harafi guda a farkon kalma da tsakiya da ƙarshe duk da siffarsa ta sauya. A ce irin wannan yaro ba ya ganin siffa, magana ce da ba ta kama hankali. (A Alƙur'anin da alarammomi ke rubutawa da hannu ma, launi ba ado ba ne kawai: baƙi da baƙar tawada, wasali da ja.) Abin da gwajin ya auna shi ne zaɓi, wato abin da yaro ya ɗauka ana nufi da "kama" idan baƙuwa ta ajiye masa 'yan takardu masu launi. Robert Serpell ya maimaita irin gwajin a Zambiya a 1969, ya ga cewa komawa ga siffa tana tafiya ne da irin makarantar da yaro ya yi da zurfinsa a cikinta. Makarantar boko tana horar da ido ga da'ira da murabba'i da kusurwa a kan takarda, sannan gwajin ya zo ya tambayi abin da ta koyar.

Hujja mafi ƙarfi daga Laberiya ta fito. A 1970 Marc Irwin da Donald McLaughlin suka ba manoman ƙabilar Mano katuna masu siffofi da launuka su rarraba, sannan su sake rarrabawa ta wata fuskar. Abin ya ba su wuya. Da aka sauya katunan da kwanukan shinkafa, manya da ƙanana, gyararriya da wadda ba a gyara ba, sai aikin ya yi musu sauƙi. A 1974 aka juya gwajin, aka kai shinkafar gaban ɗaliban jami'a a Amurka, sai ga su suna dabur-dabur kamar yadda manoman suka yi da katuna. Joseph Glick ma ya ba da labarin abin da ya faru tsakaninsa da mutanen Kpelle. An ba su kaya 20, abinci da tufafi da kayan aiki da na girki, su kuma suka riƙa haɗa wuƙa da lemo, fartanya da dankali, suna cewa haka mai hankali zai yi. Da aka tambaya yadda wawa zai yi, sai suka jera kayan gida huɗu, abinci daban, kayan aiki daban, daidai yadda mai gwajin yake nema tun farko. Sun san tsarin sarai, ba su ga amfaninsa ba ne. A Nijeriya ma, Douglass Price-Williams ya gwada yaran Tibi a 1962 da dabbobi da tsirran da suka sani, bai ga wani bambanci na a zo a gani tsakanin 'yan makaranta da waɗanda ba sa zuwa ba.

Darasin da fannin ya ɗauka, ko da yake a makare, shi ne aikin mutum ke yanke masa rukuni. Ga masanin tsirrai a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, zogale da rama da yakuwa da kuka ba duka dangi ɗaya ba ne. Ga uwargida dukansu ganyen miya ko na kwaɗo ne, kuma nata rabon ne ke kai tuwo ga baki. Matsalar ita ce mafi yawan abin da ake kira binciken "ɗan Adam" a kan mutane ƙalilan aka yi shi: wani nazari na 2008 ya gano kashi 96 cikin 100 na waɗanda aka gwada a manyan mujallun fannin daga ƙasashen Yamma masu arziki suke, ƙasashen da ke da kashi 12 kacal na mutanen duniya.

Ga malamin aji akwai abin ɗauka nan take. Nate Kornell da Robert Bjork sun koya wa ɗalibai salon masu zane 12 a 2008, kowanne da zane 6. Wasu masu zanen an jero nasu a jere, a gama da wannan a shiga wancan, wasu kuma an cakuɗa su. Da aka kawo sababbin zane, cakuɗawar ce ta yi nasara, amma yawancin ɗaliban sun tafi da imanin cewa jerawar ta fi taimaka musu. Jerawa tana da daɗi, shi ya sa take ruɗi. Bambanci ba ya fitowa sai an ajiye abu kusa da makwabcinsa, kuma yaron da ya yi mako guda yana lissafin tarawa zalla, ya yi wani makon yana na ɗebewa zalla, bai taɓa koyon gane wanne ne tambaya ke nema ba, wanda shi ne abin da jarrabawa za ta tambaye shi.

Haka kuma kalma ɗaya daga gwani tana iya rage shekaru. Masu raba 'yan tsaki kwana ɗaya, mace da namiji, a manyan gidajen kaji, sukan daɗe suna koyo kafin su ƙware. A 1987 Irving Biederman da Margaret Shiffrar suka zauna da wani tsohon gwanin sana'ar, suka fitar da inda yake kallo da abin da yake nema, suka rubuta a shafi guda. Mutanen da ba su taɓa aikin ba suka tashi daga kusan kashi 60 zuwa 84 cikin 100 a hotunan gwaji bayan sun karanta shafin. Maigidan da ke barin yaron shagonsa ya yi ta kallo kawai, ba ya taɓa ce masa dubi nan, yana tsawaita masa hanya ne a banza.

Rukuni yana da farashi. A 1963 Henri Tajfel da A. L. Wilkes suka nuna wa mutane layuka 8 masu tsawo daban-daban. Da aka manna wa gajeru 4 harafin A, dogaye 4 harafin B, sai masu kallo suka riƙa ƙara wa tazarar da ke tsakanin gidajen biyu girma fiye da yadda take. Layi ne fa, ba shi da yare ba shi da addini. In laƙabi zai iya karkata ido a kan layi, ba sai an faɗi abin da yake yi ba idan aka manna shi a kan maƙwabci.

A ɓangaren lafiya ne farashin ya fi fitowa fili. A kantin magani da yawa, jiki da zafi da ciwon kai sun riga sun sami gida tun kafin a auna: maleriya ce, in ta ƙi ji a ce da taifot. Sau da yawa hasashen yakan dace, shi ya sa yake da ƙarfi. Amma Bauchi tana cikin jihohin da, tare da Ondo da Edo, suka fi yawan masu zazzaɓin Lassa a rahotannin hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa (NCDC) na shekarun nan, musamman da rani. Cutar, wadda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu, tana farawa ne kamar kowane zazzaɓi, da kasala da ciwon kai da ciwon maƙogwaro, kuma maganinta ya fi aiki idan an fara shi a kwanakin farko. Zubar jinin da mutane suka ɗauka ita ce alamarta ba ga kowa take fitowa ba, kuma in ta fito an riga an makara. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a gwada jini kafin a ba da maganin maleriya, gwajin da ba ya wuce minti 20. Ma'aikatan lafiya kuma suna da ƙa'idar da suke bi: zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya da na ƙwayoyin cuta bayan kwana biyu zuwa uku, a daina sauya masa ƙwaya a kanti, a kai shi inda za a ɗauki jini a gwada Lassa, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa.